Soyen naman sa da burokoli tsakanin Magariba da Isha'i

A Maraɗi mun saba a fara tafasa nama da albasa da gishiri, ya yi laushi, sannan a tsame a soya. Wannan girki bai yarda da haka ba. Ɗanyen nama ne zai faɗa kasko mai tsananin zafi, ya yi minti biyu ya fito. In ya fito da tauri, laifin yanka ne ko na wuta, kuma ƙara masa lokaci ba ya gyara komai, ƙara masa tauri yake yi. Asalin girkin na gidajen abincin Sinawa ne da ke Amurka, su suka sa burokoli, wani koren kayan lambu dangin shu, a madadin wani ganye nasu na gida mai kama da shi.

Don mutum huɗu ina sayen rabin kilo na nama. Wajen mahauci ina cewa a ba ni file, wato tsokar nan mafi laushi, in ya ƙare a ba ni tsokar gadon baya, ba jijiya, ba kitse, kuma kar ya daddatsa, dunƙule guda nake so. Shanunmu masu yawon kiwo ne, tsokarsu ta sha tafiya, ga shi naman da aka yanka da safe aka dafa ranar ya fi wanda ya kwana a firigo tauri. Shi ya sa nake saye yau in dafa gobe. Kafin yanka ina sa shi wurin ƙanƙara minti 25, ya ɗan sandare, wuƙa ta samu abin kamawa. In an ɗauke wuta sai dai in wasa wuƙa da kyau in bi a hankali.

Yankan shi ne rabin aikin. In an duba tsoka za a ga zare-zarenta sun bi hanya ɗaya kamar na rake. A gicciye ake yanka su, ba a bin tsawonsu. Kaurin kowane yanki kamar milimita 3, ya ɗan fi na kilishi kauri, kusa da yadda mai tsire yake fere nasa. Na gwada bin tsawon zaren da nama iri ɗaya, wuta iri ɗaya, abin da ya fito sai taunawa kamar danƙo.

Bayan yanka ina barbaɗa rabin ƙaramin cokali na bikarbonat, in cuɗa, in bar shi minti 15, in wanke sau biyu, in tsane da tsumma mai tsabta har ya daina ɗiga. Aikin da kanwa take yi wa wake shi bikarbonat yake yi wa nama. Kanwar ma tana yi, amma ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule, awonta yana da wuya. In bikarbonat ya wuce rabin cokalin nan, ko naman ya jima cikinsa, zai yi santsi da ɗanɗanon sabulu, babu miyar da za ta ɓoye shi. Da file mai kyau ma ba na sa shi sam. Daga nan sai babban cokali ɗaya na sos soja (baƙin ruwan ɗanɗano na waken soya), babban cokali ɗaya na garin Maïzena (sitacin masara), cokali ɗaya na man gyaɗa da ɗan masoro, in cuɗa in ajiye. Sitacin rogo yana maye gurbin Maïzena. Garin nan shi ke rufe naman ya riƙe ruwansa a ciki.

A wannan lokacin nake ɗora shinkafa, don ta fi soyen daɗewa.

Burokoli kayan ɗari ne, daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi kyau, kuma ba kowane mai kayan miya ke da shi ba. Ina zaɓen mai kai a dunƙule, kore shar. Wanda ya fara rawaya ya tsufa, zafin garin nan kuwa yana tsufar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu in ba a firigo yake ba. Kai biyu matsakaita, kamar giram 450, sun isa. Ina rarraba shi ƙanana kamar girman goro, in jiƙa cikin ruwan gishiri minti 10, saboda tsutsa da ƙananan ƙwari suna ɓuya cikin furen, sai sun ji gishiri suke tasowa. Karan ba na zubar da shi, ina fere bayansa in yanka sirara, ya ma fi furen zaƙi. Sai in zuba duka cikin tafasasshen ruwa minti ɗaya da rabi, in tsame cikin matsami ya tsane sosai. In ya kai minti huɗu zai yi lugub, launinsa ya mutu, ya tashi da warin nan irin na shu da ya dahu fiye da kima. Lokacin da babu burokoli, shu da karoti da tattasai kore suna yi, su kuma ba sai an tafasa su ba.

Ruwan miyar a kofi ɗaya nake haɗa shi: babban cokali uku na sos soja, ƙaramin cokali biyu na Maïzena, ƙaramin cokali ɗaya na sukari, da ruwa kamar mililita 120. Ba gishiri, ba magi. Hannu zai so ya kai ga magin don sabo, amma sos soja gishiri ne tsantsa, in aka haɗa su abincin ba ya ciwuwa. Albasar Galmi ɗaya a yanka manya, tafarnuwa ƙwaya huɗu, ɗanyar citta kamar kan babban yatsa, tugande ɗaya ga mai son yaji, duk su kasance a yanke a gefen murhu. Da zarar an fara suya babu sauran damar juyawa neman wuƙa.

Kaskon ƙarfe na suyar ƙosai, mai zurfin tsakiya, shi ya fi dacewa, don siffarsa ɗaya da kaskon da Sinawa ke aiki da shi. Siririn kwanon alminiyam yana hucewa da zarar nama mai sanyi ya taɓa shi. Kan ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6 ina buɗe wuta har ƙarshe, in bar kaskon babu komai minti biyu. Gawayin da ya ruru ya yi ja ya fi gas ɗin zafi, sai dai ba ya raguwa in an so. Ina zuba cokali ɗaya na man gyaɗa, da ya fara ɗan hayaƙi sai in shimfiɗa kashi ɗaya cikin uku na naman, kowane yanki yana taɓa ƙarfe. Minti ɗaya ba na taɓa shi, sannan in juya, wani minti ɗaya in kwashe. Kunne ne ke faɗa min ko daidai ne: ƙarar suya mai kaifi nake so, in ta koma ɓur-ɓur irin ta tafasa, naman ya yi yawa, ya saki ruwa, ya zama toka-toka. Duk wanda ya juye rabin kilon gaba ɗaya don sauri, dafaffen nama mai tauri zai samu. Tsakanin kashi da kashi ina barin kaskon ya sake ɗaukar zafi, in ɗiga ɗan mai.

Bayan naman, albasa ta yi minti ɗaya, tafarnuwa da citta da tugande daƙiƙa 20 kawai, in tafarnuwa ta yi baƙi ɗaci ya shiga ke nan. Burokoli ya biyo ya yi minti ɗaya. Kafin in juye ruwan miya ina sake motsa kofin, saboda garin yana kwanciya a ƙasa, in ba a motsa ba ruwa zai tafi ya bar shi manne. Naman ya koma tare da romon da ya tsatso a faranti. Cikin minti ɗaya miyar za ta yi kauri da sheƙi ta manne wa komai, nan take nake saukewa. In ta yi kauri da yawa, cokali biyu na ruwan zafi ya isa.

A kan shinkafa ake zuba shi a ci da zafinsa. Abin da ya rage yana kwana a firigo, amma in an ɗumama da safe burokolin ya riga ya saki, sai in yayyanka shi in soya da ragowar shinkafa da ƙwai biyu.