Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da na koyi kasa kaya a kwamfuta

Makon jiya na tsaya ne a inda Kawu ya ɗauke ni daga rumfarsa ta tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas, ya damƙa ni hannun wani ɗan Zariya mai haɗa bidiyon biki a Agege. A 2019 ke nan. Oga, haka kowa ke kiransa, ya zaunar da ni gaban Premiere Pro, manhajar haɗa bidiyo, ya nuna min tagar da ake zuba kayan aiki, ya ce in saba da ita tukuna.

Ban saba ba. Na bar ta yadda na same ta, dogon jerin sunaye, kowane fayil MVI da lamba, kamar yadda kyamarar Canon ke raɗa musu. A mako guda muka ɗauki biki biyu, na juye su wuri ɗaya, ina aiki da lamba kawai. Ranar da uwar amarya ta zo gani, ana tsakiyar kamu sai ga wata amaryar daban cikin koren leshi. Hajiya ta gyara mayafi, ta ce, "Ɗan nan, wannan 'yar waye?" Na rasa inda zan sa kaina. Oga ya ba ta haƙuri, daren nan a kan janareta muka kwana muna gyara.

Da na ba Kawu labari, tambaya ɗaya ya yi min: "Kai, ka taɓa ganin na sayar da tumatir a rufaffen kwando?" Shi da asuba yake kasa kayansa, manya gaba, nunannu gefe, masu tabo can baya, ido na sauka ya san komai.

Washegari na sauya tagar daga jerin suna zuwa ƙananan hotuna, na ja ma'aunin da ke ƙasa har suka girma. In na bi da linzami a kan hoto, bidiyon na motsi ba sai na buɗe shi ba. Amma hoton farko yakan zama ƙasa ko ƙafar wani, don mai kyamara bai gama saiti ba. Sai na riƙa nemo inda fuskar amarya ta fito sosai, in danna Shift da P, wannan ya zama fuskar fayil ɗin. Wallahi wannan ne ya fi min daɗi, don tun daga bakin ƙofa kana gane bikin wa ke kan allo.

Kowane biki na buɗe masa jakarsa. Ɗaurin aure launi ɗaya, kamu wani, dina wani. Jerin sunan ma ban yar da shi ba, na rage ginshiƙansa, na bar tsawon bidiyo da wurin rubuta bayani.

A watan Afrilun shekarar ne Adobe, kamfanin da ke yin Premiere Pro, suka ƙaro tsarin Freeform, inda kake jan hotunan ka ajiye duk inda ka so, ka tara su tsibi-tsibi. Da muka samu, na kasa wani biki tun daga sa lalle har buɗar kai. Oga ya tsaya a bayana da kofin shayi, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Gobe kai za ka riƙe kyamara ta biyu a Idi-Araba."

Abin da ya faru a Idi-Araba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.