Wata biyar ina koyon sakin hannu a kan balalaika

A shekarata ta biyu ta karatu a garin Tver na ƙasar Rasha na fara zuwa wajen wata dattijuwa mai koyar da balalaika. Ranar da ta fara miƙo mini ita, gaskiya na raina ta: ɗan katako ne mai kusurwa uku, ba nauyi, tsirkiya uku kamar molo, biyu daga ciki ma muryarsu ɗaya. Na ɗauka wata guda ya ishe ni.

Sai da na ci wata biyar kafin kunne ya ji abin kirki. Ƙaramar balalaikar da nake koyo, wadda suke kira firima, da yatsa manuni ake kaɗa ta, sama da ƙasa da sauri, ba a sa tsinke. Ni kuwa ƙanƙame wuyan hannu nake yi, tsirkiyar ƙarfen ta yi ta ɗaye mini gefen farce har wurin ya yi kanta. Sai malama ta kama hannuna ta girgiza, ta ce, "Ɗana, sake shi, kamar kana yarfe ruwa bayan ka wanke hannu." Babban yatsan hagu ya fi ba ni wahala, don shi ma ba ya hutawa, zagayowa yake ta saman wuyan ya danne tagwayen tsirkiyoyin nan. Da na daina neman sauri, na koma minti ashirin kullum a hankali, sai hannun ya fara jin magana.

Tarihin kuwa a bakin shayi na ji shi, kuma shi ya sauya yadda nake riƙe ta. A 1648 Sarki Aleksei ya hana makaɗa masu yawo sana'arsu, ya ce a ƙone kayan kiɗansu. Rubutun farko da aka sani ya ambaci balalaika, na 1688, rahoton masu gadi ne a Mosko kan mutanen da aka kama suna kaɗa ta. Kayan talakan ƙauye ce, manya ba sa kallonta.

Wanda ya ɗaga ta ɗan wannan yanki na Tver ne, Vasily Andreyev. A 1883 ya ji wani manomi yana kaɗa ta, abin ya shiga ransa. Ya haɗa kai da masassaƙa irin su Semyon Nalimov, suka gyara ƙirarta, suka fitar da ƙanana da manya, har da katafariyar da ake kafawa a ƙasa a kaɗa da guntun fata. A 1888 ƙungiyarsa ta yi wasanta na farko a St. Petersburg, shekara ta zagayo suka je baje kolin Paris.

Da sanyi ya ja baya, malama ta zaunar da ni a layin baya cikin ɗalibanta tara. Katafariyar na gurnani a bayana, ina jin rawar katakon a ƙirjina, kuma har muka kai ƙarshen waƙar wuyan hannuna a sake yake.