Na shiga ramin jan ƙarfe na Falun

Duk wanda zai shiga tsohuwar mahaƙar jan ƙarfe ta Falun a ƙasar Suwidin to ya tafi da rigar sanyi mai kauri ko da bazara ce, don can ƙasa digiri 5 ne kawai ga ruwa na ta ɗiga, kuma kar ka sa takalmin da kake ji da shi, jan taɓon wajen in ya kama sai a hankali. Masu kula da wajen za su ba ka hular kwano da rigar ruwa, sai ku bi matakala har mita 67 cikin ƙasa.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai yadda mahaƙan wancan zamanin suke fasa dutsen ne. Itace ake jibgawa jikin dutse a cinna wuta ta kwana tana ci, da safe dutsen ya tsattsage sai mutane su shiga da guduma cikin zafi da hayaƙin farar wuta su yi ta ɓamɓara. Da na tsaya a lungun da fitila ma da kyar take haskawa nace lallai mutanen nan sun sha wuya. A haka fa wajajen 1650 ramin ke fidda tan 3,000 a shekara, wai rami ɗaya ke ba Turai kusan biyu cikin uku na jan ƙarfenta, da kuɗin Suwidin ta riƙa yaƙe-yaƙenta, talaka na shaƙar hayaƙi sarki na kai hari.

Haƙar ba tsari, kowa na bin inda arziki yake har ƙasa ta zama rariya, a 1687 ta rufta. Ikon Allah ba wanda ya mutu don ranar hutun bikin tsakiyar bazara ce. Ƙaton ramin da ya bari shi ake leƙawa daga sama, ni dai da na sake zuwa can zan fara tsayawa kafin na sauka, an fi gane bayanin ɗan rakiya.

Akwai kuma Fet-Mats, mahaƙin da ya ɓace a 1677 aka tsinci gawarsa a 1719 ba ta ruɓe ba saboda sinadarin ruwan ramin, maimakon a binne bawan Allah sai aka ajiye shi ana kallo, wannan kam bai min daɗi ba.

An daina haƙa a 1992, UNESCO ta sa wajen cikin kayan tarihin duniya a 2001, amma har yau da tarkacen ramin ake haɗa jan fentin nan na gidajen katakon Suwidin.