Takardun bayanin manhaja da amanar tarihin aikin gini

A makonnin da suka gabata an nemi in tantance wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, irin wadda ake ba wa umarni sau ɗaya sai ta ci gaba da aiki da kanta: ta buɗe littafin aikin yau da kullum, ta karanta zane-zane da wasiƙun da suka gudana tsakanin ɗan kwangila da injiniya, ta tsara su, ta haɗa rahoto, wani lokaci ma ta aika shi. Kafin in kunna ta, sai da na yi kwana biyu ina karanta takardun bayanin da masu ƙera ta suka rubuta, domin a nan ne kamfani yake faɗin abin da ya yarda ya ɗauki alhakinsa, kuma duk abin da ya yi shiru a kai zai dawo ne kan wanda ya sa hannu a rahoton.

Wanda bai taɓa zama a teburin sasanta rikicin kwangila ba zai iya ɗauka cewa waɗannan takardu cika ofis ne kawai. A kundin kwangilar FIDIC na 1999, wato samfurin yarjejeniyar aikin gini da ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya ta wallafa, sashe na 20.1 ya ba ɗan kwangila kwana 28 daga ranar da ya san da matsala, ko ya kamata a ce ya sani, domin ya ba da sanarwar neman ƙarin lokaci ko ƙarin kuɗi, kuma idan wa'adin ya wuce haƙƙinsa ya faɗi. Kwanan wata ɗaya da aka rubuta ba daidai ba ya isa ya jawo wannan asarar. Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi. Bayan gobarar benen Grenfell a Landan a watan Yunin 2017, wadda ta ci rayuka 72, rahoton 2018 na Judith Hackitt, injiniyar da gwamnatin Birtaniya ta sa ta binciki dokokin gini, ya nemi kowane dogon ginin zaman jama'a ya kasance da sahihin tarihi da ba ya yankewa tun daga zane har zuwa zaman mutane a ciki, kuma dokar kare lafiyar gine-gine ta 2022 ta wajabta hakan a Ingila.

Abu na farko da na nema shi ne bayani kan tushe. Idan manhajar ta rubuta cewa rodin wani ginshiƙi mai kaurin milimita 16 ne, ina so takardun su faɗa mini ko za ta nuna zanen da ta ɗauko wannan adadi, da lambar shafi, da lambar gyara. Wannan ya dame ni ƙwarai saboda na taɓa tsayawa a wurin aiki ina kallon ma'aikata suna kwance rodin da suka yi yini guda suna ɗaurewa, don kawai an yi aiki da zane mai gyara na B alhali na C ya fito ya mayar da kaurin 20. Ƙa'idar ISO 19650 ta duniya kan sarrafa bayanan aikin gini, wadda sassanta biyu na farko suka fito a 2018, ta raba bayanan aiki zuwa matakai huɗu: wanda ake kan haɗawa, wanda aka raba don dubawa, wanda aka amince da shi, da wanda aka ajiye a taska. Takardun da na karanta sun ce manhajar tana karanta dukkan fayilolin aiki, amma ba su ce uffan kan ko tana bambanta zanen da aka amince da shi da wanda aka daina amfani da shi ba. A ganina wannan giɓi shi kaɗai ya isa a dakata.

Na biyu shi ne halinta a lokacin da ta kasa ganewa. Littafin wurin gini ba ya zuwa tsaf. Da hannu ake rubuta shi, a tsaye, wani shafin ruwa ya taɓa shi, wani kuma ƙurar siminti ta rufe rabin layi. Idan ta ga 03/04, za ta ɗauka 3 ga Afrilu ne ko 4 ga Maris? Idan sakamakon gwajin kankare na kwana 7 ya shigo amma na kwana 28 bai iso ba, za ta bar gurbin babu komai, ko za ta cike shi da abin da ya yi kama da daidai? Sanannen abu ne cewa irin waɗannan manhajoji suna iya ƙirƙiro amsa su faɗe ta da cikakken tabbaci, don haka nake girmama takardun da suka fito fili suka lissafa inda manhajarsu take tuntuɓe, tare da misalai daga gurɓatattun shafuka na gaske. Waɗanda ke gabana misalansu duka tsaftatattu ne, an buga su da kwamfuta, kuma gargaɗin da ke ciki layi ɗaya ne a ƙarshe da yake cewa mai amfani ya riƙa duba sakamako.

Sai batun iko, wanda a nan ne manhaja mai aiki da kanta ta bambanta da wadda ke jiran a danna mata. Dole ne takardun su fayyace abin da za ta iya karantawa kawai, da abin da za ta iya canzawa, da abin da ba za ta taɓa ba sai mutum ya amince. Dole kuma su bayyana rajistar ayyukanta: wa ya ba da umarni, a wace sa'a, me rubutun yake cewa kafin ta taɓa shi, kuma shin wani zai iya goge wannan rajista. A nan na yaba wa takardun, domin sun yi bayani dalla-dalla, har da hoton shafin rajistar da yadda ake fitar da ita, kuma da na gwada na tarar da abin kamar yadda suka faɗa.

Sauran abubuwan na bi su da sauri. Takardun suna ɗauke da lambar sigar manhajar da suke magana a kai, sun faɗi inda ake adana bayanai, sun kuma nuna cewa ana iya kwashe komai a tsarin PDF da IFC (tsarin fayil na bayanan gini da manhajoji daban-daban ke iya buɗewa) idan aka rabu da kamfanin, abin da ke da muhimmanci tunda gini yakan daɗe fiye da manhajar da aka yi amfani da ita wajen gina shi.

Shawarar da na miƙa ita ce a bar manhajar ta riƙa karantawa da tsara daftari, amma kada a ba ta ikon aika sanarwar kwangila ko gyara littafin aiki. Na kuma rubuta wa masu ita tambayoyi biyu, ɗaya kan lambar gyaran zane, ɗaya kan shafin da ba ya karantuwa, na roƙi a saka amsoshin a cikin takardun bayanin kansu, inda injiniyan da zai zo bayana zai same su.