Tarihin Rayuwata, Kashi na 12: Abin da Masu Ceton Namun Daji Ke Nema Wurin Kamfanin Jirgin Ƙasa

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya a inda na shiga aikin ceton namun daji a gefen layin dogo. Kafin labari ya ci gaba sai an san yadda aikin yake, don haka kashin yau na aikin ne zalla.

Da an ce kamfanin jirgin ƙasa yana tallafa wa ƙungiyar ceto, hankali kan tafi wurin kuɗi. Kuɗi na da ranarsa, amma abin da ƙungiya ta fi ƙishirwa shi ne izinin taka layi. Jirgin kaya mai nauyi da ke gudun kilomita 90 a awa yakan ci fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya bayan an kama birki. A layukan lantarki da yawa, wayar da ke sama tana ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 25,000, kuma ba sai an taɓa ta take jan mutum ba, kusantarta ma ta isa. A kudancin Ingila wutar a ƙasa take, cikin wani ƙarfe na uku, a gefen ƙarafan dogo biyu, mai bolt 750. Ɗan sa kai da ya tsallake shinge don ya ɗauko tsuntsu, shi za a koma ana ceto.

Ga yadda ake yi in tsari ya zauna. Direba ko mai duba layi ya ga dabba, sai ya sanar da ofishin da ke kula da zirga-zirgar jirage. Ya faɗi lambar alamar kilomita mafi kusa, da ɓangaren da dabbar take, da irinta, da ko tana motsi. Ofishin ya kira ƙungiya ta lambar da aka ware, ya tsayar da jirage ko ya rage musu gudu, a kashe wuta in da buƙata, sannan ma'aikacin kamfani ya raka masu ceto har su fita. A wurin kwatance aka fi samun tangarɗa. "Gaba da tasha kaɗan" ba kwatance ba ne. Jirgi mai gudun kilomita 90 yana cin mita 25 a daƙiƙa guda, to direban da ya yi jinkirin minti ɗaya kafin ya duba alama ya riga ya wuce wurin da kilomita ɗaya da rabi. Ga shi dabbar da ta ji ciwo ba ta zama a fili, takan ja jiki ta shige kwalbati ko cikin ciyawa.

Kayan kamu ba su da yawa: tawul mai kauri, safar hannu ta fata, kwali mai ƙananan ƙofofin iska, da tocila. Tsuntsu ana fara rufe masa kai da tawul, duhu yana kwantar masa da hankali, sannan a haɗe fukafukansa a jikinsa. Shaho da mujiya da mikiya, ƙafa ake fara riƙewa, don farcensu ya fi bakinsu ɓarna. Zalɓe kuwa ido yake kai wa sara, sai a kama bakin tun da wuri, a kau da fuska. A shimfiɗa tawul a cikin kwalin saboda santsi, a sa kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma a gefe guda, yadda zai iya matsawa in zafi ya ishe shi. Kada a ɗura masa ruwa. Mutane na yi da kyakkyawar niyya, ruwan ya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu.

Ƙunar lantarki mayaudariya ce. Ranar farko za a ga ɗan tabo a fiffike ko a ƙafa, a ce da sauƙi. Bayan kwanaki sai naman ya fara mutuwa, saboda wutar ta ƙone jijiyoyin jini daga ciki. Shi ya sa duk tsuntsun da aka tsinta ƙarƙashin waya sai likitan dabbobi ya nemi inda wuta ta shiga da inda ta fita, kuma ba a gaggawar sakinsa. Barewa da danginta nasu haɗarin daban: in aka yi ta kora ko kokawa da su, tsoka takan lalace, gubar da ke fita daga tsokar ta bugi ƙoda, dabba ta mutu bayan an ɗauka ta tsira. A rufe mata ido, a yi shiru, a bar wa likita sauran.

Mushe ma aiki ne. In aka bar shi a kan layi, ungulu da mikiya da dila za su taru a kansa, jirgi na gaba ya haɗa da su. A ja shi nesa, a rubuta wuri da rana da lokaci. Wannan rubutun da ake raina shi ne ke nuna inda matsala take maimaituwa.

Ga misalan irin wannan gyara. A Japan, kunkuru kan faɗa tsakanin ƙarafan dogo biyu ya kasa fita, ya yi ta bin layi har ya maƙale a wurin canja hanya, ƙarfe ya matse shi, jirage su tsaya. A 2015 kamfanin JR West ya haɗa kai da gidan kifaye na Suma da ke Kobe, suka shimfiɗa ƙananan magudanai na kankare a ƙarƙashin dogo. Kunkuru ya faɗa ciki ya tsira. A Kanada, hatsin da ke zuba daga taragu na cikin abin da ke jawo beyar, wata babbar dabbar daji mai gashi, kan layi a gandun Banff, har kamfanin Canadian Pacific ya sa dalar Kanada miliyan ɗaya a 2010 don binciken haɗin gwiwa da hukumar gandun dajin ƙasar.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na gandun Rajaji a Indiya, kan layin Haridwar zuwa Dehradun, inda jirage suka kashe giwaye kusan 20 tsakanin 1987 da 2002. Ƙungiyar Wildlife Trust of India ta zauna da hukumar jiragen ƙasa da ma'aikatan daji. Aka kwantar da gangaren da ke hana giwa kaucewa, aka yashe tafkuna don kada ƙishirwa ta tsallakar da ita layi, aka kwashe ragowar abincin da fasinjoji ke jefarwa, aka sa masu sintirin dare suna sanar da direbobi. Aka shafe kusan shekara goma jirgi bai kashe giwa a nan ba.

In kuma kuɗin za a bayar, gara a bayar da shi shekara-shekara don man mota, magani, abincin dabbobi da ladan likita. Kamfanoni sun fi son sayen mota a manna mata tambarinsu, alhali motar da babu mai sai ajiya. A haɗa da horar da 'yan sa kai kan ƙa'idar tafiya a layi, a riƙa sabunta horon.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga yadda ake gane dabba ta warke har a mayar da ita daji.