Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Takardar Malumfashi

A makon jiya na tsaya inda Malam, mai neman aurena, ya shaida mani cewa manyansa za su taso daga Daura bayan sallar Gani su zo su ga Baba. Kafin su taso, sai sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka karatun ungozoma a Malumfashi. Wata abokiyar aikina ce ta fara gani, ta kira ni ina cikin Keke Napep wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, tana ta rangaɗa mani guɗa a waya. Na yi hamdala, amma kafin in sauka ƙofar gida gabana ya fara faɗuwa.

Waɗanda suka bi labarin nan tun farko sun san yadda ta kaya tsakanina da wancan manemin nawa na baya. Da farin kayana na jinya ya gan ni, ya ce aikin ma yana cikin abin da ya ja shi. Sai da aka kawo lefe, aka sa rana, aka buga kati, sannan ya aiko yayarsa ta faɗa wa Inna cewa matarsa ba za ta riƙa kwana asibiti ba, in zaɓa. Da na ce a zauna a yi magana, aka ce idona ya buɗe da yawa. Yaya ne ya loda akwatunan a bayan mota ya mayar masu. Na daɗe ban iya bi ta layinsu ba.

Mutane da dama sun tambaye ni me ya sa na nace sai ungozoma, alhali ina da takardar jinya da albashina. Amsar tana Babbar Ruga. Muna ɗalibai aka kai mu asibitin masu yoyon fitsari da ke can, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru masu yawa yana yi wa mata aiki. Na ga 'yan mata waɗanda na girme su, kowace da robar fitsari a hannu, da yawansu mazan sun sake su. A nan aka yi mana bayanin yadda abin yake faruwa: mace ta kwana biyu ko uku tana naƙuda a gida, kan jariri ya tokare, ya danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu har jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, ya huje. Galibi jaririn ma ba ya zuwa da rai. Duk wannan abu ne da ungozoma mai ilimi za ta hango da wuri, ta ce a ɗauki matar nan yanzu a kai ta inda za a yi mata tiyata. A ƙaramin asibitin da nake aiki ina ganin matan karkara suna zuwa awo, in suka leƙa suka ga namiji ne a ɗakin sai su ɗaura goyonsu su juya. Ba zan iya ganin laifinsu ba. Mu ne ya kamata su tarar a ɗakin nan, kuma mun yi kaɗan.

Da na nuna wa Inna takardar, ta ce Allah ya sa albarka, sai ta ci gaba da tsince shinkafarta. Can ta ce, "Shi yaron nan ya sani?" Na ce bai sani ba tukuna. Tana da wata damuwar kuma, ta hanya. Tun da aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, in an ambaci kudancin jihar nan hankalinta tashi yake. Sai da Yaya ya rantse mata cewa ta Kankiya zai riƙa kai ni, kuma da rana tsaka.

Goggo kuwa ba ta ɓoye ba. Ta zo da yamma, ta zaunar da ni a ɗakin Inna, ta ce, "Ke 'yar nan, sau nawa za a mayar da lefe daga gidan nan? Ki yi shiru da bakinki. A ɗaura aure, ki tare, in kin zauna kin san halinsa sai ki lallaɓa shi. Haka mata suke yi." Na ce, "Goggo, in ya ƙi fa?" Ta ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, shi ke damuna. Ina girmama Goggo, ita ta yaye ni, kuma na san tsoron bakin mutane ne ya sa ta faɗi haka. Amma shawarar nan ta kashe wa mata da yawa karatu, ta kuma kashe aure da yawa. Namiji ya auri mace a kan ta zauna, daga baya ta fito da abin da ta ɓoye, shi ma ai an zalunce shi.

Ranar Asabar Malam ya zo kamar yadda ya saba. Yakan tashi daga Daura bayan azahar, ya biyo ta Mashi, ya sauka gidan ƙanwarsa, bayan magariba ya aiko yaro. Na shimfiɗa mashi darduma a zaure, na kawo ruwa da fura, muka gaisa. Ban bari hira ta yi nisa ba na miƙa mashi takardar. Ya haska fitilar waya ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, kamar yadda yake duba takardun ɗalibansa na lissafi.

Ya ce, "Barka, Sista. Wallahi na taya ki murna. Tsawon wane lokaci ne?"

Na ce shekara ɗaya da rabi, kuma a makaranta zan zauna.

Ya yi shiru har na ji motsin yara a tsakar gida. Da ya buɗe baki, sai ya faɗa mani abin da bai taɓa faɗa ba dalla-dalla. Shi ne babba a ɗakinsu. Hajiyarsa tana fama da hawan jini da ciwon ƙafa, ƙannensa mata duk sun yi aure, kuma ita ce ta matsa mashi a yi bikin kafin azumi. Ɗakin da ya gyara a cikin gidan an riga an yi mashi fenti. Ya ce, "Ba zan ce maki na amince don ki ji daɗi yau, gobe in zo in canja ba. Kin ga irin wannan, ba zan ƙara maki ba. Ki ba ni lokaci in yi istihara, in kuma yi magana da Hajiya."

Na faɗa mashi nawa. Na ce ina son sa, kuma ban faɗi haka don in sassauta maganar ba. Amma hanyoyi biyu ne a gabanmu, kowace da nauyinta. In aka ɗaura aure na tafi makaranta, amarya ce a Malumfashi, ango a Daura, uwar miji ita kaɗai a gida, kuma in Allah ya kawo rabo zan haɗa laulayi da kwanan ɗakin haihuwa da jarrabawar hukumar jinya da ungozoma ta ƙasa. Na ga waɗanda suka yi hakan suka ci, na kuma ga waɗanda suka ajiye a tsakiya ba su koma ba. In kuma jira za a yi, shi zai sha surutu, ni ma zan sha, don duk unguwa za a ce ga ta nan ta sake korar wani. Abu guda na roƙe shi: duk wadda aka zaɓa, a faɗe ta a gaban manya, kowa ya ji, har da maganar aikin dare bayan na gama.

Da zai tafi bai tsaya dogon sallama ba. Kwanakin da suka biyo baya sai gaisuwar safe a WhatsApp, gajeriya. Ina aiki ina duba waya, har wata tsohuwa da nake auna wa jini ta ce, "'Yata, lafiya dai?" A cikin kwanakin ne adashina ya fito. Kuɗin da na yi niyyar ƙarawa a kayan ɗaki ne. Na kwana ina juya abin a raina, da safe na je banki na biya kuɗin makaranta. Na kuma tura mashi hoton rasit ɗin, don kada ya ji a bakin wani. Ya amsa da "Allah ya sa alheri."

Baba ba mai yawan magana ba ne, ko lokacin wancan rikicin kalmominsa ba su da yawa. Daren nan bayan isha'i ya kira ni. Ya ce ya ji komai daga Inna. Ya karanto mani hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, cewa sharuɗɗan da suka fi cancanta a cika su ne waɗanda aka ƙulla aure a kansu. Ya ce, "Wancan karon ban tambayi kowa komai ba, na ɗauka mutunci ya isa. Wannan karon in sun zo, ni zan ɗauko maganar da bakina, ba ke ba. In sun yarda, a gaban shaidu. In ba su yarda ba, a rabu ana gaisawa." Na durƙusa na yi godiya, muryata na rawa. Ya ce in tashi in je in kwanta, gobe ina da aikin safe.

Sallar Gani ta zo ta wuce, aka yi hawa a Daura, ina ganin hotunan dawakai a wayoyin mutane, manyan Malam ba su zo ba. Goggo ta daina yi mani magana sai gaisuwa. Ranar Laraba ina haɗa kayan da zan tafi da su, sai ga ƙanwar Malam ta yi sallama, da goyonta, jaririn nan da na karɓa ranar da na fara ganin yayanta. Ta gaida Inna, ta ja ni gefe ta ce Hajiya ta zo Katsina tun jiya, tana gidanta. Ta hana kawunnan Malam tasowa, ta ce ba wanda zai taka gidanmu sai ta gan ni da idonta ta ji daga bakina.

Inna ta ce ba a saba yarinya ta je gaban uwar miji ita kaɗai kafin aure ba, don haka Goggo ce za ta raka ni. Abin da Hajiya ta tambaye ni, da abin da Goggo ta yi a wurin wanda ban taɓa zato ba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.