Allon hotuna: abin da nake zaɓa wa masu zuwa shagona

Gina shafukan intanet ne sana'ata a nan Maradi, kuma abincinmu daga 'yan kasuwa yake fitowa. Amma akwai waɗanda nake jin daɗin aikinsu ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba: masoya kokowa, masu kiwon tantabara, samarin da ke hawan doki da salla. Hotunansu na nutsewa a WhatsApp, waya ta cika a goge, sai su zo neman allon hotuna nasu na kansu, wato shafin intanet da jama'a ke ɗora hotuna a kai.

Manhajar kyauta ce. Salon daga Japan ya taso da shafin Futaba a 2001, shafin 4chan ya kwaikwaya a 2003, daga nan masu sha'awa suka dinga rubuta nasu suna saki kowa ya ɗauka ya gyara. Cikin irin waɗannan manhajoji, Danbooru, wanda aka gina da harshen kwamfuta na Ruby da rumbun bayanai na PostgreSQL, ya iya tsara hotuna, sai dai akwai shi da cin ƙwaƙwalwar na'ura. LynxChan na son Node.js da MongoDB. Ni dai Shimmie ko vichan nake ɗauka, don da harshen PHP aka rubuta su, suna tashi a kan hayar wurin ajiye shafi mafi araha, kuma ko ba na gari, ɗalibi daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo zai iya buɗewa ya gane inda aka dosa.

Mai shiga shafin da waya yake shiga, yana lissafin megarsa. Hoton waya guda kan kai mega uku ko huɗu, don haka ƙaramin kwafi nake sa wa a gaba, a tsarin WebP mai rage nauyin hoto, babban sai wanda ya taɓa. Ina kuma goge bayanan da waya ke ɓoyewa cikin hoto, domin wani lokaci har inda aka tsaya aka ɗauka suna nunawa, wato ƙofar gidan mutum. Sai haruffanmu: in ba a saita rumbun bayanai a kan tsarin haruffa na UTF-8 ba, ƙ da ɗ da ɓ alamar tambaya suke komawa. Wani ya rubuta Tessaoua, wani Tasawa, hotunan gari ɗaya su rabu gida biyu. Dole in zauna in ɗaure sunayen wuri guda.

Gardamar kullum a kan inda shafin zai kwana take. «Malam, ga kwamfuta a shagona, a ɗora a kai mana.» Sai in ce, Alhaji, tuna watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta. Ƙara da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu. Haya nake kama musu a Faransa ko Jamus, wurin kamfanin OVH ko Hetzner. Da yuro ake biya, kuma tunda sefa a ɗaure take a kusan 656 kan yuro guda, kuɗin wata ba ya rawa. Takardar tsaron shafi kuwa, ta ƙungiyar Let's Encrypt, kyauta ce. Duk da haka, gobarar da ta ci wata cibiyar OVH a Strasbourg a Maris 2021 ta sa kowane mako nake sauko da kwafi cikin faifan da ke aljihun teburina.

Abin da ba na sassautawa shi ne saka hoto ba suna. A can asalinsa haka aka gina allon hotuna, kowa ya jefa abin da ya ga dama ya wuce. Garin nan kowa ya san kowa. Hoton 'yar mutane guda ya isa ya kai mu gaban sarki ko gaban alƙali, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2019. Rajista dole ce, sabon shiga kuma sai an duba hotonsa kafin ya fito. Ba na miƙa mabuɗin shafi sai ƙungiya ta ba ni mutum biyu da za su riƙa wannan dubawar. Waɗanda suka kasa fitar da su, nakan mayar musu da kuɗin kafin alƙalaminsu.